Yadda Ake Tsara Kyautar Kirsimeti Idan Gida Ya Cika Da 'Ya'ya Da Jikoki

Mu bakwai Mama ta haifa. Muna yara a ƙauyenmu kusa da Kagoro, Baba kan yanko yadi iri ɗaya a kasuwar Kafanchan a ɗinka mana anko, a yanka kaji biyu, a dafa shinkafa, Kirsimeti ya yi ke nan. Yau dukanmu mun yi aure, jikokin Mama 24, ga surukai, ga 'ya'yan riƙo. Shekara 11 ke nan littafin Kirsimetin gidanmu yana hannuna, domin ni ce babba.

Kafin mu zauna mu yi tsari, kowa saya wa kowa yake yi. Mu bakwai da matanmu da mazanmu mun zama 14. Idan kowane ɗaya zai ba sauran 13, kyauta 182 ke nan, ba a ma zo kan yara ba. Mai hali ya yi, marar hali ya ci bashi ko ya ƙirƙiro dalilin da zai hana shi zuwa gida. Ranar da na gane ƙanena ya daina zuwa Kirsimeti don kunyar zuwa hannu biyu, ranar na sayi littafi. Zan yi magana kamar da 'yar'uwa nake yi, tunda yawanci mata ne wannan nauyi ke faɗowa a kansu, amma namijin da aka ɗora wa aikin zai iya bin matakan yadda suke.

Kayan da za ki tanada

Littafin rubutu mai kaurin bango, wanda zai yi shekaru. Kada ki dogara da waya kaɗai, tana ɓata, tana lalacewa, kuma Mama ba za ta iya buɗe ta ta duba ba.
Biro biyu, baƙi da ja.
Wurin ajiyar kuɗi dabam da na cefanenki: asusun banki na musamman, ko hannun wani amintacce da kowa ya yarda da shi.
Rukunin WhatsApp na ku 'yan'uwa zalla. In akwai marar babbar waya, a sa wanda zai riƙa kiransa yana gaya masa abin da aka yanke.
Ambulan, leda masu ƙwari, buhuna, igiya, da farar takarda ta rubuta suna.
Tef ɗin awo irin na tela.
Ƙananan kuɗi, 'yan ɗari da ɗari biyu.
Mataimaki ɗaya. Wanda ke riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam. A gidanmu ƙanena na uku ke riƙe kuɗi, ni ina rubutu, kuma wannan ya toshe bakin zargi tun kafin ya buɗe.

1. Ki ƙirga mutanenki tun watan Agusta

Ki ba kowane gida shafinsa: mai gida, uwargida, yara da shekarunsu, da duk wanda ke kwana a ƙarƙashin rufin nan. Daga nan ki buɗe shafin dattawa: iyaye, goggo, kawu, iyayen miji da na mata idan al'adarku ta haɗa da su. Shafi na ƙarshe na maƙwabta ne da waɗanda gida ke tunawa da su duk shekara. Duk wanda ya shigo dangi a shekarar, jariri ko amarya ko yaron da aka ɗauko riƙo, ki rubuta shi da jan biro.

Jan biron nan yana da tarihi. Shekarar da autanmu ya yi aure, na kwafi sunaye daga shafin bara ban sake dubawa ba. Ranar rabo muna zaune a tsakar gida, ana kiran suna ana miƙa leda, har buhu ya ƙare. Amarya na gefen Mama a kan tabarma, hannayenta a kan cinya, tana murmushi tana taya kowa murna. Sai da Mama ta dube ni ta ce, "Ina na 'yata?" sannan gabana ya faɗi. Na shiga ɗaki na ɗauko turmin atamfar da na saya wa kaina na kawo, amma kowa ya riga ya gani. Ta karɓa da hannu biyu ta durƙusa ta yi godiya, ni kuwa har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Don haka idan kin gama rubutu, ki karanta wa tsohuwar gida sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ba ta mantuwa da kowa.

'Yar riƙo da yarinyar da ke taya aiki a rubuta su cikin yara, su sami daidai da abin da 'ya'yan gida suka samu. Ban taɓa yarda a sassauta wannan ba. Yarinyar da ta kwana tana suyar cincin ba za ta tsaya tana kallon 'yan'uwanta suna buɗe leda ba.

2. Ku zauna ku yi magana kafin kowa ya fara sayayya

Wannan ne matakin da ya fi wuya, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. A farkon Satumba ki kira zama, ko a gida ko ta waya. Ki fara da iyaye tukuna, su kaɗai. Idan Mama ta ce "haka za a yi", rabin gardama ta mutu. Kada ki kawo maganar kamar an gaji da kyauta. Ki nuna musu lissafin, ki ce so ake kowa ya samu kuma kada Janairu ya iske kowa da bashi, ga kuɗin makaranta na zango na biyu yana jira.

Abu huɗu za ku yanke a zaman: nawa kowane gida zai iya bayarwa, su wa tukunyar gida, wato kuɗin da za ku haɗa, za ta ɗauka, a wace shekara yaro ke fita daga layin yara, da kuma iyakar kuɗin kyautar manya. Ki rubuta abin da aka yanke, ki tura wa kowa a ranar.

Za a sami wanda zai ce shi bai yarda ba, yana so ya yi wa kowa da kansa. Yawanci mai hali ne, kuma zuciyarsa ɗaya. Kada ki yi musu da shi. Ki roƙe shi ya zuba ƙarin a tukunya, ko ya ɗauki nauyin wani abu da kowa zai ci moriyarsa, kamar buhun shinkafa ko kuɗin motar masu zuwa daga nesa. In kuma ya nace sai ya ba wani yaro abu na musamman, ya kai masa gidansu a wata rana, ba a gaban sauran yara ba.

3. Ku yi karo-karo daidai ƙarfin kowa

Kuskuren da na fi gani shi ne a raba kuɗi daidai wa daida tsakanin ma'aikacin banki da malamar firamare da manomi. Wannan ba adalci ba ne. Mu hawa uku muka yi, kowa ya zaɓi nasa ya gaya wa mai riƙe kuɗi a asirce. Ga misali don ki ga yadda lissafin ke tafiya, ke kuma ki sa naki adadin: gida uku su riƙa ba da naira 20,000 a wata, gida biyu 10,000, gida biyu 5,000. A wata an sami 90,000. Satumba, Oktoba da Nuwamba sun ba da 270,000.

Da farko ki cire kashi ɗaya cikin goma, wato 27,000, ki ajiye. Kuɗin ba-zata ne: baƙon da ba a sa rai da shi ba, haihuwar da ta zo da wuri, farashin da ya tashi. Sauran 243,000 sai ki raba: 120,000 ga yara 24, kowanne 5,000, 80,000 ga dattawa, 43,000 ga kwanon maƙwabta da gwauraye da marayun da gida ya saba tunawa da su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na kaya ba su sake zama wuri ɗaya ba, saboda haka kada ki ɗauki lissafin bara ki ce zai yi bana. Ki shiga kasuwa ki tambayi farashi kafin zaman.

Wanda ba shi da kuɗi a hannu ba a barinsa a waje. Lokacin kaka ne. Ƙanwata da ke noma a ƙauye acca take kawowa da doya da zakara biyu, a yi musu kuɗi a rubuta a shafinta kamar na kowa. Wata ta ɗauki suyar cincin, wani ya ɗauki jigilar kaya da mashin ɗinsa. In tara kuɗi a banki bai yi muku ba, ku yi adashi, ku shirya kwasar ta faɗo a farkon Nuwamba.

Ranar rufe karɓar kuɗi 30 ga Nuwamba. Ki tuna wa mutum sau biyu a keɓe. Kada ki taɓa rubuta sunayen waɗanda ba su biya ba a rukuni.

4. Ki san abin da ya dace da kowane layi

Yara. Ɗinkin Kirsimeti na yaro nauyin iyayensa ne. Abin da tukunya ke bayarwa ƙari ne, kuma a kan shekaru ake raba shi, ba a kan gidan da yaro ya fito ba. Ƙanana su sami rigar sanyi da safa da biskit, domin hunturun Disamba a wajenmu ba wasa ba ne. 'Yan firamare su sami takalmi ko jakar makaranta, abin da zai rage wa iyaye nauyi a Janairu. 'Yan sakandare sun fi son kuɗi a ambulan, kuma gara ki ba su da ki sayo rigar da ba za su sa ba. Mu mun yanke cewa yaro na layin yara har ya gama sakandare. Idan akwai maraya a dangi, ko gidan da mai gidan ya rasa aiki, tukunya ta ɗinka wa yaran kaya daga kuɗin ajiya, a miƙa wa uwar tun kafin ranar, ba tare da sanarwa ba.

Dattawa. Maimakon mutum bakwai su kawo wa Mama zane bakwai ta jibge a akwati, a haɗa a yi mata abu ɗaya mai nauyi. Ki tambaye ta, ko ki tambayi wadda ke zaune da ita. Wata shekara bargo ne da fitila mai caji da hasken rana, wata shekara gyaran rufin ɗakinta, wata shekara sabon tabarau. Sai dai kada a hana tsohuwa sabon zanen zuwa coci, ko me aka yi mata. Goggo da kawu kuwa, mudun shinkafa kaɗan, man gyaɗa, sukari, sabulu da ɗan kuɗi a ambulan, kuma a kai musu da ƙafa. Zumunta a ƙafa take, kuma tsoho ya fi tuna wanda ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

Manya. Su ne na mataki na gaba.

5. Ku jefa ƙuri'a tsakanin manya

Kowane babba mutum ɗaya zai yi wa kyauta, mutum ɗaya kuma zai yi masa. Kyauta 182 ta koma 14. Ki rubuta sunaye a ƙananan takardu, ki naɗe, ki zuba a kwano, kowa ya ɗauki ɗaya. Wanda ya ɗauki sunansa ko na matarsa ya mayar ya sake.

Idan ba ku wuri ɗaya, ga hanyar da ta fi sauƙi. Mutum ɗaya da ba ya cikin ƙuri'ar, misali babbar jika, ta girgiza takardun ta jera su a da'ira a kan tabarma. Kowane suna zai ba wanda ke damansa. Ta haka ba wanda zai faɗo a kan kansa. In miji da mata sun zo kusa da juna ta sauya wa ɗaya wuri, sannan ta aika wa kowa sunan wanda zai yi wa kyauta a keɓe.

Ku sa iyakar kuɗi ta sama da ta ƙasa, kuma ta zama wadda mafi ƙarancin samu a cikinku zai iya ba tare da ya ji a jikinsa ba. Wanda ya wuce iyaka ya kunyata wanda ya tsaya a kanta. A yi ƙuri'ar a Oktoba. Ki rubuta sakamakon a bayan littafi bayan an yi rabo, don kada mutum ya faɗo a kan mutum ɗaya shekara biyu a jere. Idan akwai biyun da ba sa ga maciji da juna, kada ki yi dabarar haɗa su da sunan sulhu. Na gwada, bai yi kyau ba. Sulhu aikin dattawa ne.

In gidanku bai saba da ƙuri'a ba, ko dattawa sun ƙi ta, ku yi gida da gida: kowane gida ya haɗa wa gida ɗaya kwandon kayan abinci, shekara mai zuwa a juya.

6. Sayayya da tela

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba ya lalacewa a saye shi da kuɗin Satumba da Oktoba: atamfa, takalma, sabulu, man gyaɗa, shinkafa. Ni a Jos nake, don haka rigunan sanyi na gwanjo a Katako nake zaɓa, da sassafe ranar da aka buɗe dila, in wanke in goge su fito tsaf. Takalma da jakunkuna a Terminus. Idan atamfa da yawa za ku saya, ku haɗa kuɗi a sayo a Kantin Kwari a Kano ta hannun wanda kuka sani, sarin ya fi sauƙi. Tumatir da attarugu da kabeji ne kaɗai nake bari sai 22 ko 23 ga Disamba, in saya a Farin Gada.

Kada ki sayi takalmin yaro da ka. Ki sa uwar ta ɗora ƙafarsa a kan takarda ta zana, ko ta auna da tsinken tsintsiya ta karya daidai tsawon, ki ƙara ɗan yatsa ɗaya.

Kaya su isa wurin tela kafin 15 ga Nuwamba. Ki ba shi rabin kuɗi, ki rubuta ranar karɓa a gabansa, kuma ranar ta zama aƙalla kwana goma kafin Kirsimeti. Akwai shekarar da na kai ɗinki a makon farko na Disamba, na biya duka. Daren 24 ga wata ina zaune a kan benci a shagon, janareta na ƙara, mata biyar a gabana kowace ta haɗe rai, yadin 'ya'yana kuwa yana nan a ƙarƙashin tebur ko yankawa ba a yi ba. Da tsofaffin kaya suka je coci. In kin ga lokaci ya ƙure, ki sayi ɗinkakku, yadin ya jira Sabuwar Shekara.

7. Watanda da kwanon maƙwabta

Nama shi ne kyautar da ke isa kowane gida. Maimakon kowa ya sayi kilo a tsadar jajibiri, gidaje su haɗa kuɗi su yi watandar sa. A saya da wuri a kara, kamar ta Bukuru, idan akwai wurin ɗaurewa da mai ba shi ci. A yanka ranar 23 ko 24, a kasa kashi daidai da yawan hannun da aka zuba, kowane kashi ya sami tsoka da ƙashi da kayan ciki. Wanda ya kasa shi ne zai ɗauka a ƙarshe. In sa ya fi ƙarfinku, akuya ko kaji sun isa. Wannan kuɗi dabam yake da na tukunyar kyauta, kada ki gauraya su.

Gidaje da yawa a Filato da Kaduna da Gombe da Adamawa suna da Kirista da Musulmi a dangi ɗaya, balle maƙwabta. Mu maƙwabcinmu Musulmi muke kira ya yi yanka, don duk wanda aka kai wa ya ci hankali kwance, kuma tukunyar da za a fitar waje tsabtatacciya ce da ba ta haɗu da abin da ba sa ci ba. Da Sallah su ma kwanonsu na shigowa gidanmu. Ki rubuta gidajen a littafi, ki liƙa suna a gindin kowace kula don ta dawo, ki raba wa yara unguwa unguwa. Tukwicin da aka ba yaro nasa ne.

8. Ƙulli da aikawa

Mako guda kafin tafiya ki baje kaya a ɗaki, ki rufe ƙofa. Kowane mutum da ledarsa, da sunansa a takarda a ciki da waje. Ledojin gida ɗaya su shiga buhu ɗaya. Kina sawa kina soke suna a littafi, mataimakinki ya sake ƙirgawa. Ki haɗa ledoji uku ko huɗu marasa suna, sabulu da biskit da ɗan yadi, saboda baƙi.

Kaya masu nauyi su riga ku tafiya. Ki ba direban da kika sani a tasha kafin 15 ga Disamba, ki karɓi lambarsa da ta motar, ki sanar da mai tarba. Daga 20 ga wata motoci sun cika, kuɗin mota ya hau. Na nesa da ba za su zo ba, a tura musu nasu ta banki da wuri, a bi da kira. Ƙananan kuɗin yara masu zuwa barka da Kirsimeti kuwa, tun Nuwamba nake tara canjin cefane a gwangwani. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya mini kada in jira mai POS a jajibiri.

9. Ranar rabo

Ranar 25 akwai sujada, akwai girki, akwai baƙi, hankalin kowa a rabe yake. Mu da yammacin 26 muke yi, tunda ita ma ranar hutu ce. A shimfiɗa tabarmi, a yi addu'a, a fara da dattawa. Kyautar Mama ƙaramin jika ke miƙa mata a madadin kowa, ba a cewa wane ne ya ba da kaza. Sannan yara daga ƙarami zuwa babba, Mama ce ke miƙa musu da hannunta, a ce "daga gida ne". Manya su zo a ƙarshe.

Yaro zai iya yin kuka ya ce na wane ya fi nasa. Kada ki canza masa a wurin, in kin yi sauran 23 za su taso. Uwarsa ta ja shi gefe. In takalmi bai shiga ba, a rubuta, a musanya tsakanin yara ko a mayar kasuwa bayan biki.

10. Ki rufe littafi kafin a watse

Mu mukan kai 1 ga Janairu a gida saboda bikin Afan na Kagoro, don haka a daren 30 ga Disamba nake zama da mai riƙe kuɗi. Mu rubuta abin da ya shigo, abin da aka kashe, da abin da ya rage, mu karanta wa 'yan'uwa jimla ba tare da faɗin abin da kowane gida ya bayar ba. Ragowar ta zama jarin baɗi, ko ta tafi kuɗin makarantar marayan dangi, yadda aka amince.

A shafi na gaba ki rubuta abin da ya ba ki wahala tun yana sabo a ranki: telan da ya cika alkawari, takalmin da ya yi kaɗan, gidan da aka manta da kwanonsa, yaran da za su gama sakandare su shiga ƙuri'a. Bayan shekara uku ko huɗu ki fara zama da wata ƙanwa ko babbar jika tana kallon yadda kike yi, domin wata rana littafin zai koma hannunta. Sannan ki buɗe sabon shafi ki sa shekara a sama. A namu na riga na ja layi biyu da jan biro na bar wurin suna, matar autanmu da ƙanwata ta biyar duk suna da juna biyu.